Responsive Classroom: Sharhi Kan Tsarin da Ke Koya wa Yara Mutunta Juna

Da wuya a sami malamin da zai musa cewa ladabi da tausayi su ne ginshiƙin aji. Amma a tambaye shi a wane darasi yake koyar da su, sau da yawa sai amsa ta gagara. Raba lamba ana bin ta daki-daki: a yi misali a allo, a ba da jinga, a duba, a gyara. Mutunta juna kuwa sai a rubuta shi a kwali a manna a bango, a zuba ido yara su taho da shi daga gida, wanda bai taho da shi ba ya sha hukunci. Tsarin Responsive Classroom ya bi wata hanya dabam. A wurinsa sauraron mai magana, da jiran layi, da ba da haƙuri, da jawo wanda aka ware cikin wasa, duk ƙwarewa ce da ake nunawa, a gwada, a maimaita har ta zauna. Wannan ne abin da makaranta ke saya idan ta biya kuɗin horon, kuma da shi ya kamata a auna shi.

Wasu malamai ne suka assasa shi a 1981 a garin Greenfield na jihar Massachusetts ta Amurka, cikinsu akwai Ruth Sidney Charney da Chip Wood, ƙarƙashin gidauniyar Northeast Foundation for Children. Yanzu cibiyar tana amsa sunan Center for Responsive Schools, kuma ba ta neman riba ba ce. Abin da take sayarwa shi ne kwas na kwana 4 ga malaman firamare da wani ga na ƙaramar sakandare, da littattafan jagora, da masu horarwa da ke zuwa makaranta su kalli malami a ajinsa su ba shi shawara. Ba a ƙara wani sabon darasi mai suna tarbiyya a jadawali. Yadda malami ke buɗe rana, da yadda yake magana, da abin da yake yi idan an karya doka, su ake sakewa.

Abin da tsarin ya fi shahara da shi shi ne zaman safe. Minti 20 zuwa 30 ne a farkon kowace rana, yara da malami a da'ira ɗaya, kowa na ganin fuskar kowa. Kashi 4 gare shi, kuma jerinsu ba a banza aka yi shi ba.

Gaisuwa ce farko. Kowane yaro sai an kira sunansa an gaishe shi, shi ma ya gai da wani. A makon farko ba a wuce mafi sauƙi: yaro ya juya ga ta damansa ya ce, "Ina kwana, wance," ta amsa, ita ma ta juya ga na gaba, har a zagayo. Ba a sakar wa yara zaɓin wanda za su gaisar tun da wuri, domin in aka yi haka farin jini ne zai yi aikinsa. Yara uku ko huɗu za su sha gaisuwa, wanda ya zo ƙarshe jiya shi zai zo ƙarshe yau, kuma duk aji na kallo. Sai an tabbata kowa zai iya gai da kowa da sakin fuska sannan a shigo da salo-salo, kamar jefa ƙwallo ga wanda za a gaisar ko zaro sunansa daga kwando.

Sai ba da labari, wanda a ganina shi ne mafi wuya kuma mafi amfani. Wani lokaci kowa ya faɗi jimla ɗaya a kan batun da malami ya kawo, wani lokaci a yi bibbiyu, wani lokaci kuma yaro ɗaya ya yi gajeren bayani sannan ya ce a shirye yake ya karɓi tambaya, ya zaɓi mutum kamar uku. Ainihin darasin yana wajen masu sauraro. Yarinya ta ce kyanwarta ba ta da lafiya, ta ƙi cin abinci tun jiya. Hannu na farko da zai tashi kusan kullum cewa zai yi, "Mu ma muna da kyanwa, tamu baƙa ce." Ba rashin kunya ba ne, haka yara suke, amma ya ƙwace zancen ya mai da shi kansa. Malami zai ce a natse, "Labarin wance muke yanzu. Wa ke da tambayar da za ta sa mu ƙara fahimtar halin da take ciki?" Sai wani ya ce, "Me ya same ta?" ko "Kin ji tsoro?" Yaron da ya koyi bambancin waɗannan amsoshi biyu ya koyi rabin tausayi. Abin da ke ɓata wannan kashi abu biyu ne. Na ɗaya, ya koma fagen nuna sabon kayan wasa, masu shi su yi ta burga, marasa shi su yi zuru. Na biyu, yaro ya fasa sirrin gida a gaban jama'a, ya dawo yana jin kunya. Maganinsu shi ne malami ya riƙa ba da batu a makonnin farko, kuma mai son ba da labari ya fara raɗa masa abin da zai faɗa kafin a zauna.

Kashi na uku ɗan wasa ne ko waƙa ko wasa ƙwaƙwalwa na mintoci kaɗan da kowa ke ciki. Sharaɗinsa kada ya zama irin wanda ake fitar da wanda ya faɗi, domin yaron da aka fara fitarwa yawanci shi ne wanda aka fi buƙatar ya ji yana cikin mutane. Na huɗu saƙon safe ne, 'yar wasiƙa da malami ya rubuta a allo kafin yara su iso, da tambaya a ƙarshenta da ta shafi darasin ranar. Ana karanta ta tare, hayaniyar wasa ta lafa, a zarce cikin karatu.

Lissafin lokacin ya kamata a yi shi ido buɗe. Shekarar karatu a Amurka wajen kwana 180 ce, don haka minti 20 a kullum awa 60 ke nan a shekara. Ba ƙaramin jari ba ne, kuma yana salwanta cikin sauƙi. Zaman da ya zarce minti 30 yara za su fara mutsu-mutsu, malami ya fara tsawa, a tashi da ɓacin ran da aka zauna domin a kauce masa. Mafi muni shi ne a mai da shi kotun laifin jiya. Da zarar yara sun gane cewa da'irar wurin faɗa ce, babu mai ƙara buɗe baki a cikinta.

Makarantu da yawa zaman safe kawai suke kwaikwayo su tsaya, alhali ƙarfin tsarin yana wani wuri da ba a cika ɗaukar hotonsa ba, wato yadda ake koyar da al'amuran yau da kullum ta hanyar nuni da gwaji. Matakansa 7 ne, kuma misali zai fi bayani. A ce ana so yara su iya ɗauko kujerunsu zuwa da'ira ba tare da an buge wani ba. Malama za ta ce, "Zan nuna muku yadda ake ɗaukar kujera don kada kowa ya ji ciwo. Ku lura da abin da zan yi." Sai ta yi shiru, ta miƙe, ta kama kujerar da hannu biyu, ƙafafunta na kallon ƙasa, ta taka a hankali, ta dakata ta ba wani hanya, ta ajiye ba ƙara. Ba ta yin bayani tana tafiya, domin in tana magana kunnuwa ne za su yi aiki, ido ya huta. Sannan ta tambaya, "Me kuka lura da shi?" Wani ya ce, "Malama, da hannu biyu kika riƙe." Wata ta ce, "Ba ki ja ta a ƙasa ba." In babu wanda ya ambaci dakatawar, sai ta ce, "Da na iso kusa da tebur fa, me na yi?" Daga nan yaro ɗaya ya gwada, a sake tambayar abin da aka gani, sannan duk aji su yi, ita kuma ta faɗi takamaiman abin da ta ga an yi daidai.

Hikimar tana cikin tambayar nan ta "me kuka lura da shi". Dokar daga bakin yara take fitowa, da kalmominsu, don haka gobe in an manta ba sai an yi dogon wa'azi ba. Kuma ba a nuna yadda ba a so a yi. Malamin da ya ja kujera da ƙara don ya ba yara dariya zai tarar wannan ɗin ne ya zauna musu a kai. Da irin wannan hanya ake koyar da shiga layi, da karɓar littafi, da neman aron abin rubutu, da yadda ake ce wa aboki ban yarda da ra'ayinka ba ba tare da gatse ba, da alamar yin shiru, ko ɗaga hannu ko 'yar ƙararrawa. Tsarin yana ware makonni 6 na farkon shekara domin wannan aiki, ana karatu amma ana sassauta gudu. Malamin da manhaja ke binsa a guje zai ga kamar asara ce. Wanda ya ƙidaya mintocin da ke tafiya kullum wajen "ku yi shiru" da "ku koma mazauninku" har ƙarshen shekara zai ga inda ribar take.

Harshen malami shi ne abu na biyu da ya cancanci kuɗin kwas ɗin, kuma shi ya fi wuyar canzawa, domin ɗabi'a ce ta shekaru. An kasa shi uku. Akwai maganar ƙarfafawa, wadda ke faɗin abin da aka gani dalla-dalla. Maimakon "madalla, yaron kirki," sai a ce, "Na ga ka matsa ka ba wane wuri da ya rasa mazauni." Yabo na farko ya gaya wa yaro malami na sonsa yau, na biyu ya gaya masa abin da zai sake yi gobe. Tsarin ya kuma hana wata dabara da ta zama ruwan dare, ta yabon yaro ɗaya da ƙarfi domin a zungure sauran, irin su "ku dubi yadda wance ta zauna tsaf." Yara sun san manufar, kuma wance ce za ta biya kuɗin a filin wasa. Akwai maganar tuni, da ake yi kafin abu ya ɓaci: "Za mu fita yanzu. Wa zai tuna mana yadda muke bi ta gaban sauran azuzuwa?" Sai maganar mayarwa kan hanya idan an riga an kauce. Gajeriya ce, da murya a kwance, tana faɗin abin da za a yi: "Wane, ajiye rula, idonka a littafi." Ba a mai da ita tambaya. "Za ka zauna ko kuwa?" ƙofa ce aka buɗe wa gardama, kuma "sau nawa zan faɗa maka?" ba ta da amsar da za ta amfani kowa.

Dokokin aji ana yin su ne bayan an ɗan saba. Kowane yaro ya faɗi burinsa na shekara, a tambayi aji wace doka za ta sa kowa ya cim ma nasa, a tara shawarwari, a juya masu "kada" su koma abin da ake so a yi, sannan a dunƙule su su koma tsakanin 3 da 5, kowa ya sa hannu. Doka 20 babu mai riƙe ta, har da malamin.

Idan aka karya doka, tsarin bai yarda da duka ko wulaƙanci ba, bai kuma yarda a kau da kai ba. Sakamakon sai ya cika sharaɗi uku: ya danganci laifin, ya zama mai yiwuwa, a kuma zartar da shi cikin mutunci. Wanda ya ɓata shi zai gyara: ya zubar da ruwa ya goge, ya yaga littafin wani ya liƙe. In zuciya ya ɓata, ba a tilasta masa furta "yi haƙuri" da baki a cije, sai a nemi ya yi wani abu da wanda aka ɓata wa zai ji a ransa, ko ya taya shi sake aikin da ya lalata ko ya kira shi wasa. Wanda ya yi wasa da almakashi ya rasa damar riƙe shi na wannan darasi, gobe a sake nuna masa a mayar masa. Wannan mayarwar ita ake yawan mantawa, kuma in babu ita abin ya zama ramuwa.

Nau'in sakamako na uku, bayan gyara ɓarna da rasa dama, shi ne wurin hucewa, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Yadda aka tsara shi, kujera ce a gefe inda yaro ke ganin darasi, ya je na minti ɗaya ko biyu ya tattara hankalinsa ya dawo, ba faɗa, ba tambayoyi a lokacin. Ana koyar da shi tun kafin a buƙace shi, kowa ya gwada zama a kai ranar da ba a yi laifi ba, kuma ana amfani da shi a kan ƙananan abubuwa tun wuta ba ta kama ba. In bai wadatar ba, akwai yarjejeniya da malamin aji na kusa, yaro ya je can ya huce. Amma a hannun malamin da ransa ya ɓaci, kujerar nan cikin mako biyu za ta zama kujerar yara biyu ko uku da kowa ya san sunansu. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta sunan duk wanda aka tura na tsawon wata guda. In sunaye uku ne ke ta dawowa, a dakatar, a zauna da kowannensu shi kaɗai a nemo abin da ke damunsa, wanda shi ma tsarin ya tanadi yadda ake yinsa.

Game da hujja, an yi wa tsarin gwaji mai tsauri, kuma ya kamata mai saye ya san abin da ya fito ba tare da kwalliya ba. Sara Rimm-Kaufman ta Jami'ar Virginia ta jagoranci bincike na shekara 3 a makarantun firamare 24, da yara kusan 2,900 da aka bi har ƙarshen aji biyar, aka wallafa sakamakon a 2014. An raba makarantun ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sami horo, wasu ba su samu ba. Da aka kwatanta ɓangarorin biyu kai tsaye, samun horon kaɗai bai ɗaga makin lissafi da karatu ba. Inda aka ga ci gaba shi ne azuzuwan da malamai suka yi aiki da hanyoyin sosai, kuma goyon bayan shugaban makaranta ya yi tasiri a kan ko za su yi hakan. Wannan sakamako na biyu bai kai na farko ƙarfi ba, domin mai yiwuwa malaman da suka rungumi tsarin dama can ƙwararru ne. Abin da za a iya ɗauka da tabbaci shi ne takardar shaidar halartar kwas ba ta canza aji, kuma lokacin da zaman safe ke ci bai jawo faɗuwar maki ba.

Akwai wuraren da tsarin bai kai ba. An gina shi ne a kan aji mai yara ashirin da 'yan kai da filin yin da'ira. In gaisuwar kowane yaro ta ci daƙiƙa 8, yara 25 za su gama a cikin minti 3 da 'yan kai, yara 70 kuwa sai sun haura minti 9, kuma tun kafin a kai rabi na farko sun gaji. Mai babban aji dole ya sake ɗinki: kowa ya gai da na kusa da shi a lokaci ɗaya, a riƙa sauya mazauni duk mako don kada abokai su maƙale wa juna, ba da labari ya zama bibbiyu, sannan a bi rajista a tabbata kowane yaro ya sami ranar da zai yi magana a gaban aji. Nuni da gwaji da gyaran harshe, su kam ba ruwansu da yawan yara. Kayan horon da Turanci suke, misalansu kuma na makarantun Amurka ne. Ana yawan so yaro ya kalli idon wanda yake gaisarwa, alhali a al'ummomi da yawa sunkuyar da kai gaban babba shi ne ladabi. Malami ya riƙe manufar, wato yaro ya juyo da jikinsa da hankalinsa ga wanda yake magana da shi, ya bar siffar ta bi abin da iyayen yaran suka sani da girmamawa.

Haka nan ba maganin cin zali mai tsanani ba ne. Yana rage ƙasar da cin zali ke tsirowa a kai, amma idan gungu ya riga ya sa yaro ɗaya a gaba, ana buƙatar tsari mai bin kowace ƙara har ƙarshenta. A nan shirin KiVa, wanda Christina Salmivalli da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Turku ta Finlan kuma aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009, ya fi dacewa, domin yana da tawagar ma'aikata masu karɓar ƙara, kuma yana aiki a kan 'yan kallo, waɗanda dariyarsu ko shirunsu ke ba azzalumi ƙarfi.

Makarantar da ta fi cin moriyar wannan horo ita ce wadda za ta tura malamanta da yawa tare da shugabansu, ta sa zaman safe a jadawali da tawada, ta kuma hana a riƙa yanke shi da sanarwa da aike. Malami ɗaya tilo zai iya gyara ajinsa, amma yaransa za su fita su tarar da wata doka a baranda da filin wasa. Wanda ba shi da halin kwas zai sami maƙaloli da yawa kyauta a shafin cibiyar na intanet, kuma gara ya fara da alamar yin shiru da nuni da gwaji a kan abubuwa 3 da suka fi cin lokacin ajinsa, ya ƙara gaisuwa a mako na biyu, ya jinkirta ba da labari da wurin hucewa sai yara sun iya sauraro. Gyaran harshe kuwa ba ya yiwuwa mutum shi kaɗai, domin ba ya jin kansa. Malamai biyu su yi musaya: ɗaya ya zauna a bayan ajin ɗan'uwansa na minti 15 da takarda mai gida uku, ya riƙa jan layi duk lokacin da ya ji ƙarfafawa ko tuni ko mayarwa kan hanya, ya rubuta jimla biyu ko uku yadda aka faɗe su, su duba tare bayan an tashi, mako mai zuwa kuma a juya.